Bidiyon Tallan da Na Yi Ya Tona Garken Kawuna

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Adimin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, kuma in da hali ki saka min wannan yau ɗin nan, saboda kwana uku kawai suka rage min. 'Yan'uwa don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na rubuta na goge ya fi sau biyar, na ga in ban faro daga tushe ba ba za ku gane inda na maƙale ba. Wanda ya ga na cancanci zagi ya zage ni, na riga na zagi kaina fiye da yadda za ku iya, amma in kun gama ku faɗa min abin yi.

Ni mace ce, shekarata talatin da ɗaya, ina zaune a Daura da mijina da yaranmu biyu. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin fasaha, mu bakwai ne har da oga. Abin da muke yi shi ne wata manhaja ta waya saboda masu harkar dabbobi, dillalan kara, wato kasuwar shanu, da masu garke. Mutum zai ɗauki hoton kowace saniya, ya sa kalarta da shaidar da ke jikinta, in an sace ta ko an tare motarsa a hanya aka ce ya nuna shaidar tasa ce, sai ya buɗe waya ya nuna. Da yake yawancin mutanenmu ba su damu da rubutun boko ba, sai aka sa wurin da mutum zai danna ya yi magana da bakinsa a kan kowace dabba, wayar ta adana muryar. Ni ban iya haɗa komai na kwamfuta ba, aikina hulɗa da jama'a ne, wato ni ce bakin kamfani. Ni ke shiga rediyo, ni ke rubuta talla, ni ke amsa waya in an bugo da ƙorafi ko da zagi.

Wallahi aikin nan ba ƙaramin wahala ba ne. Shekara guda muka yi muna yawo kasuwannin Zango da Dutsi da sauransu, mutane suna sauraronmu suna gyaɗa kai, muna juya baya su ce ai 'yan gwamnati ne, so ake a ƙirga shanu a dawo da jangali. Wasu su ce wa ya sani ko ɓarayin shanu ne suka turo mu. Wani dattijo ma ya taɓa tambayata wai in wayarsa ta faɗa rijiya, saniyar ma ta bi ta ke nan, kowa ya yi dariya har da ni, amma bai yi rajista ba. Oganmu kuwa injiniya ne, mutumin kirki, amma in ya fara bayani rabi Turanci ne rabi sunayen na'ura, sai ka ga dillalai sun fara duba rana. To ni ce na taƙaita musu duk bayanin a magana ɗaya, na ce abin da ka sa a wayarka sirrinka ne, babu mai ganinsa, ko mu da muka yi manhajar. Na faɗi wannan magana a rediyo ban san iyaka ba, har yara suna tsokanata da ita a unguwa. Ranar da na fara faɗa na tambayi oga ko haka ne ɗari bisa ɗari, ya ce kusan haka ne, akwai dai wata ƙofa ta ofis da ake shiga in kwastoma ya manta lambar sirrinsa, kuma ba mai taɓa ta sai da dalili. Ni ma an ba ni mabuɗin ƙofar tunda ni ke amsa masu ƙorafi. Na ce to ai shi ke nan, na ci gaba da faɗar maganata.

Yanzu bari in gaya muku waye kawuna. Wan mahaifiyata ne, yana zaune a wani ƙauye ta wajen Babban Mutum, dillalin shanu ne kuma yana da garke. Mahaifina ya rasu ina da shekara huɗu, Kawu ne ya ɗauko mu ni da Innata ya riƙe mu, shi ya sa ni makaranta lokacin da duk dangi suke cewa ɓata lokaci ne, shi ya kai ni har na yi difiloma, shi ya aurar da ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Mutum ne da in liman ba ya nan shi ake turawa gaba, in za a ɗaura aure shi ake nema ya yi walicci, in an yi rigima a kara aka ce a je wurinsa to magana ta ƙare. Ban taɓa tallata masa manhajarmu ba don ina jin nauyinsa, shi da kansa ya kira ni wata rana da na je gaida su, ya ce ya ji ni a rediyo, in sa masa abin nan a waya. Sau uku yana tambayata, Uwata kin tabbata in na yi magana a ciki ba mai ji sai ni, sau uku ina cewa na tabbata Kawu. Ya rubuta lambar sirrinsa da ajami ya sa a cikin gafakar Alƙur'aninsa, ya ce in ta Allah ta kasance a duba nan. Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai, har na ce masa Kawu ka daina irin wannan zance.

Da muka ga talla ta ƙi ci, ni ce na kawo shawara a mitin, ba wani ne ya sa ni ba, na ce mutanenmu ba sa yarda da takarda ko rediyo, fuska suke yarda da ita, a samo dattijon da kowa ya sani a yi bidiyo da shi. Oga ya ce wa za mu samu, na buɗe baki da alfaharina na ce kawuna. Na je na roƙe shi, ya ƙi, na koma, ya ƙi, karo na uku na sa Inna ta sa baki. Ya ce saboda ke zan yi, amma da sharaɗi ɗaya, kar a nuna garke, kar a faɗi yawan abin da ke hannuna. Duk wanda ya tashi cikin masu shanu ya san wannan, ba a tambayar mutum shanunsa nawa, in ma ka yi rashin hankali ka tambaya sai ya ce 'yan ƙalilan ne alhamdu lillahi. Ni da na tashi a gidan ban taɓa sanin yawansu ba, ko matansa ba su sani ba, don ba wuri ɗaya yake ajiye su ba. Na ce Kawu ai ni 'yar gida ce, ba sai an gaya min ba, na ɗaukar masa alkawari.

Kuma wallahi na kiyaye, Allah ne shaidata. Ranar ɗauka na hana mai kyamara juyawa wajen turke, saniya ɗaya tak aka nuna. Wajen tacewa na zauna kusa da mai haɗa bidiyon, na sa ya yanke inda aka jiyo kukan shanu da yawa daga baya, na saurari kowace kalma da Kawu ya faɗa. Amma akwai wani wuri da bai fi daƙiƙa biyu ba, inda aka nuno hannunsa riƙe da waya yana buɗe manhajar. A can saman sikirin, ɗan ƙaramin rubutu, manhajarmu tana nuna jimillar dabbobin da mutum ya sa. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma kafin in sake shi, kunnena yana kan magana, idona yana kan fuskar Kawu, ko sau ɗaya ban kalli saman wayar ba. Ni da kullum nake buɗe manhajar nan, na san lambar tana wurin. Ba zan faɗi lambar a nan ba, sau ɗaya da na faɗe ta ya ishe ni har in mutu.

Kwana huɗu na farko ina ta murna, bidiyo ya zaga guruf-guruf, dillalai suna bugowa suna cewa tunda wane ya yarda mu ma a sa mana, oga har ya saya mana tsire a ofis ya ce ni ce gwarzuwar wata. A kwana na biyar wata ƙawata ta turo min hoto, wani ya tsayar da bidiyon daidai wurin, ya ɗauki sikirinshot, ya buɗa shi, ya zagaye lambar da jan layi, ya rubuta a ƙasa wai ashe malam shiru-shiru ne. Ina tsaye a kicin na gani. Na goge bidiyon daga shafinmu a take, amma ina amfani, hoton ya riga ya shiga wayar kowa. Kafin sati ya zagayo, 'yan kwamitin zakka na garinsu sun je gaishe shi, gaisuwar da kowa ya san ma'anarta, don abin da yake fitarwa duk shekara bai yi daidai da lambar da suka gani ba. Waɗanda suka taɓa neman taimako ya ba su abin da ya sawwaƙa suka fara cewa ashe rowa ce. Makiyayansa suka tsorata, aka kwashe shanun aka canja musu wuri saboda gudun ɓarayi, har saniya ɗaya mai ciki ta yi ɓari a hanya.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Kawu yana da ƙane, shi ma kawuna ne, zan kira shi Kawu Ƙarami. Lokacin da kakanmu ya rasu, shekaru masu yawa da suka wuce, Kawu ne babba, shi ya tattaro shanun gado ya kawo gaban malamai aka raba, kowa ya karɓi nasa, har Innata. Kawu Ƙarami ya sayar da nasa tun tuni, ya shiga harkoki kala-kala ba wadda ta tsaya. Da ya ga hoton nan sai ya ce dama ya daɗe yana zargi, babu yadda za a yi rabon mutum ɗaya ya haifi wannan garke, tun farko an ɓoye wasu ba a kawo su wurin rabo ba. Ya bi dangi gida-gida da hoton a wayarsa, har ya zo wurin Inna ya ce ita ma an cuce ta. Daga nan ya kai ƙara wurin dagaci, an sa ranar Alhamis ɗin nan za a zauna, da liman da dattawan gari. Inna ba ta yi min faɗa ba, ta dai ce min na shiga tsakanin 'yan'uwanta da wayata, tun ranar in na kira ta sai ta ce tana aiki.

Na hau mota na tafi ƙauye, na durƙusa a gaban Kawu ina kuka. Da ma ya zage ni ko ya ɗaga min hannu da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi in tashi, ya sa aka kawo min fura, ya ce ƙaddara ce, ya san ba da gangan na yi ba. Na ga ya rame, rawaninsa ma kamar ya yi masa yawa. Da muka keɓe sai ya gaya min abin da ban taɓa sani ba, ya ce Uwata yawancin shanun nan ba nawa ba ne, amanar mutane ce. Wai shekara da shekaru mutane suna kawo masa karsana ko maraƙi a ɓoye, ya haɗa cikin nasa ya kiwata, suna haihuwa yana riƙe da lissafin kowa a kansa, zakkar kowa kuma in ta kai, mai dabbar yake gaya wa ya fitar. Ya ce shi ya sa ya nemi manhajar, tsufa ya zo, yana tsoron ya mutu da hakkin mutane a ka. Na ce to Kawu ai sai ka faɗa musu haka, magana ta ƙare. Ya ce ya faɗa, ƙanensa ya ce in gaskiya ne masu shanun su fito ɗaya bayan ɗaya a gaban dagaci kowa ya nuna tasa. Kawu ya ce shi kuma ba zai kira sunan kowa ba, don duk wanda ya kawo masa yana da dalilin da ya sa bai ajiye a gidansa ba, kuma kowannensu sai da ya yi masa alkawari. Na tambaye shi to ranar Alhamis me zai yi, ya ce zai yi shiru, abin da dattawa suka yanke zai cire daga nasa na kansa ya bayar.

Jama'a ku duba min wannan. A garinsu in ya yi shiru ya bayar, kowa zai ce ya amsa laifi ne, ya ci gadon 'yan'uwansa shekara da shekaru yana shiga sahun gaba. Shanun da zai rasa ba su dame ni ba, shi ma ba su dame shi ba. Mutumin da ake turawa limanci zai koma wanda yara za su riƙa nunawa da baki, kuma wannan suna ba ya gogewa, har jikokinsa sai an gaya musu. Da hannuna na jawo masa, saboda ina so a ce na iya aiki.

A ofis kuma wata wutar ce. Dillalai suka fara goge manhajar, shugaban 'yan kara na wata kasuwa ya aiko cewa kar mu sake zuwa, maganar da ke yawo ita ce kamfani ne ya fitar da sirrin dattijon, in an yi wa wane haka waye ba za a yi wa ba. Sati guda muka yi shiru, don oga ya ce abin zai wuce da kansa, ni kuma na ce shirun ne zai kashe mu, bai wuce ba sai ma ƙaruwa. Shekaranjiya ya kira ni ya miƙo min sanarwa, wani lauya abokinsa ya taya shi rubutawa, ya ce in mayar da ita Hausa in karanta a filinmu na rediyo ranar Laraba. Abin da ke ciki shi ne kamfani bai fitar da sirrin kowa ba, kwastoma ne da kansa ya buɗe wayarsa a gaban kyamara, kuma ya dangwala yatsa a takardar yarda cewa ya ga bidiyon ya amince. Takardar nan ni na kai wa Kawu, da Turanci take, ce masa na yi shaida ce kawai ta ofis, bidiyon ma bai gani ba kafin a sake shi, ya ce tunda na gani ya wadatar. Muka yi ta sa-in-sa da oga, na ce wannan ɗora wa tsoho laifi ne, ya ce babu ƙarya ko ɗaya a takardar, na ce in za a faɗi gaskiya a ce ni ce na yi sakaci, ya ce in muka ce ma'aikaciyarmu ta yi sakaci da sirrin kwastoma to mu rufe ofis kawai, mutum shida za su koma gida saboda ni. Ya ce dole muryata ce za ta karanta, don kowa ya san ni 'yarsa ce, in ni na faɗa za a yarda. Ban ce masa e ba ban ce a'a ba, na ninke takardar na sa a jaka. Mijina da na gaya masa cewa ya yi in ajiye aikin in huta, amma ajiye aikina ba zai hana Alhamis zuwa ba.

To ga abin da ban gaya wa kowa ba, ko mijina, ku ne na farko. Jiya da azahar, duk da Lahadi ce muna ofis saboda rikicin nan, kowa ya fita masallaci, na zauna a kwamfutar ofis na shiga ta ƙofar nan da na ce muku, na buɗe rajistar Kawu. Na gaya wa kaina wai so nake in ga ko akwai abin da zai wanke shi ba tare da an kira suna ba. Ƙarya nake yi wa kaina, na san abin da nake yi haramun ne, amma na sa abin ji a kunne na danna saniya ta farko. Sai ga muryarsa, a hankali kamar yana yi wa wani raɗa, yana cewa wannan farar da maruƙanta biyu na wance ce, marayunta take tara wa, dangin mijinta ba su sani ba, in na mutu a ba ta hannu da hannu. Na danna ta gaba, wani tsoho ne mai tara na aikin Hajji ba ya so 'ya'yansa su sani. Haka na yi ta bi, kowace saniya da mai ita da dalilinta, ina ji ina hawaye, na kasa tsayawa. Can sai na ji sunan da ya sa na cire abin kunnen na ajiye. Matar Kawu Ƙarami ce, shi mai ƙarar. Ashe bayan ya sayar mata da awakinta da 'yan kunnenta ba da saninta ba, ta lallaɓa ta kai wa Kawu karsana, yau shekaru, tana tara wa 'yan matanta kayan ɗaki. Wato cikin shanun da yake rantsuwa gadonsa ne da aka ɓoye, har da na matar da ke dafa masa tuwo. In wannan ya fito a gaban dagaci, na san halinsa, aurenta ya mutu a ranar, shanun kuma sai ya san yadda ya yi da su. Nan na gane abin da ya rufe wa Kawu baki.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Na mayar da abin kunnen, na danna wata jar saniya mai karyayyen ƙaho, na ma san ta, ina ganinta tun ina budurwa. Kawu ya ce wannan da duk abin da ta haifa da jikokinta na Uwata ne, asalinsu karsana ɗaya ce da mahaifinta ya bari, ban gaya mata ba don kar a sa mata ido a gidan miji, a ba ta ranar da duniya ta juya mata baya, in kuma ba ta juya ba a ba 'ya'yanta. Ya ƙara da cewa yarinya ce mai amana. Ban san lokacin da na kife kaina a kan tebur ba, sai da na ji motsin mutane suna dawowa daga sallah na rufe kwamfutar na shiga banɗaki na wanke fuska.

Tun jiya kaina yake juyawa. Na yi tunanin in je gaban dagaci ranar Alhamis in ce kaza daga cikin shanun nan nawa ne, gadon ubana ne, ni ba na tsoron kowa ya sani, wataƙila in mutum ɗaya ya fito dattawa su gane da gaske akwai amana a garken, su ja wa Kawu Ƙarami kunne. Amma tambayar farko da za a yi min ita ce yaya aka yi na sani, tunda Kawu bai taɓa gaya min ba, kuma yana zaune a wurin, ba zan iya cewa shi ya gaya min ba, shi ma ba zai yi ƙarya ya rufa min ba. In na ce na buɗe na ji, to na tabbatar wa duniya maganar da na yi shekara ina faɗa a rediyo ƙarya ce, kamfani ya mutu, kuma Kawu Ƙarami zai ce tunda ana iya buɗewa a buɗe duka a gaban kowa, ga matarsa a ciki. Na yi tunanin in je wurin liman shi kaɗai a asirce in sa masa muryoyin ya ji, amma wannan ma sirrin mutane ne zan ɗauka in kai inda mai amanar ya ƙi kaiwa, kuma ban san ko zai tsaya a wurin liman ba. Na yi tunanin in sami matar Kawu Ƙarami in roƙe ta ta lallashi mijinta ya janye, to da wane baki, in ce mata na san sirrinta? Ita ma na tabbata tana can tana fargabar Alhamis ɗin. In kuma na yi shiru na bi abin da Kawu ya zaɓa, zan zauna ina kallo a kira shi maci gado, alhali shaidar da za ta wanke shi tana cikin kwamfutar da ke gabana. Ga sanarwar oga a jakata, Laraba jibi ce.

Malaman da ke cikin gidan nan don Allah ku gaya min, a shari'a wanne ya fi nauyi, rufe sirrin da ba ni aka ba wa ba, ko wanke mutumin da za a zalunta ina da hujja? Masu aiki irin nawa, akwai yadda kamfani zai fito ya ce mun yi kuskure ba tare da ya rushe ba, ko kuwa oga ne ke da gaskiya ni ce ban san aiki ba? Iyaye mata da ke nan, in 'yarku ce ni me za ku ce in yi?

Abin da ya sa na kasa haƙura na rubuto yanzu shi ne, da safen nan ina shirya yara makaranta Kawu ya kira ni. Ya tambayi jikokinsa, ya ce kar in sa damuwa a raina, in ci abinci. Sannan ya ce Uwata abu ɗaya nake so ki sake tabbatar min kafin Alhamis, lamba dai ta fita ta fita, amma maganganun nan da na yi a cikin waya, har yanzu ba wanda ya ji su ko? Na ce Kawu ba na jin ka sosai, sabis ba kyau, zan kira ka. Ya ce to yana jira.

Yanzu azahar ta wuce, wayar tana gabana, ya sake kira sau biyu ban ɗauka ba. Don Allah kafin ku ce komai a kan Laraba ko Alhamis, ku fara gaya min abin da zan ce masa in na ɗauka.